Inda Ruwan Rariya Ya Ke Zuwa

A arewacin ƙasar Zazzau, wajen kan iyaka da ƙasar Kano, akwai garuruwa uku da su ke maƙwabtaka da juna, watau Ikara da Makarfi da Kudan. Ƙasa ce ta manoma. Masara da dawa su ne abin tudu, rake da tumatir da tattasai su ne abin fadama, mazarƙwailar wajen kuwa har a birane masu nisa an san ta. Wanda ya zaga tsofaffin unguwannin garuruwan nan, ko na Hunkuyi da Paki, zai ga abu guda da ba ya rasawa ko ina, shi ne kududdufi. Kakanni ne suka ɗebi ƙasa suka yi tubali suka gina gidaje, ramin da ya rage ya zama matattarar ruwa. Kowane gida da rariyarsa a gindin katanga, kowace rariya ta zuba a kwata, kwata kuma ta gangara ta zuba a kududdufi.

To, a wani gari na ƙasar Makarfi akwai wani akawu, mutum mai kimanin shekara 45, wanda aka haifa a wani gida da ke bakin irin wannan kududdufi. Ya yi karatun allo har ya sauke, ya yi firamare, sa'an nan ya kama aikin rubutu a ofis. Tun yana ƙarami ya san kududdufin nan kamar yadda ya san tsakar gidansu. Da damina ya kan cika har ya taɓa gindin katanga, kwaɗi su kwana suna kuka, yara su yini suna iyo suna kamun tarwaɗa. Da rani ya kan janye, ruwan ya yi kore shar da gansakuka, magina su zo su kwaɓa ƙasa a bakinsa. Kusan duk yaran unguwa sun yi fitsarin jini, ana cewa alamar girma ce, ba wanda ya gaya musu tsargiya ce, dodon koɗin cikin ruwa ke rainon ta. Duk da wannan illa, a zamanin nan ruwan da ya fita daga rariya yana da wurin zuwa, kuma kowa ya san wurin.

Sannu a hankali gari ya sake. Aka bar tubali aka koma bulo da siminti, ba a ƙara bukatar ƙasar gini ba. Mutane suka yi yawa, fili ya yi tsada, sai aka shiga zuba shara a kududdufi da gangan, in gefe ya cike a yanka shi fuloti a sayar. Aka haƙa rijiyoyin burtsatse, ruwan da a ke zubarwa ya fi na da nesa ba kusa ba, ga kuma leda ta zo tana toshe kwata. Ruwa dai ba ya karanta takardar fuloti. Inda ya saba kwanciya nan ya ke nufa, in ya tarar da ɗaki ya shiga, in ya tarar da hanya ya kwanta.

A shekarar 2019 akawun nan ya sami 'yan kuɗi, ya ce shi ma ya isa ya rabu da salga. Ya kira magini ya yi masa bayan gida irin na zamani, wanda a ke kora ƙazanta da ruwa. Da aka zo haƙa sokawe aka ga tsakar gida ba wuri, sai aka manna shi da katangar da ta raba shi da maƙwabcinsa, wani bawan Allah mai sayar da rake. Bayan katangar nan kuwa rijiyar maƙwabcin ta ke, rijiya mai daɗin ruwa, wadda iyalin akawu ma su kan ɗiba duk ran da ba wuta balle injin burtsatse ya tashi. Magini bai ce kome ba, akawu bai tambaya ba. Aka rufe rami da siminti, aka shafe, kowa ya zo ya yaba.

Daminar 2021 ta zo da annobar amai da gudawa, watau kwalara. Ta shiga jihohi da yawa har da Kaduna, kafin shekara ta ƙare hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙidaya mutum fiye da 111,000 da a ke zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya. Cikin watan Agusta wani baƙo ɗan kasuwa ya sauka gidan akawu, ya kwana biyu cikinsa na gudu, ya sami sauƙi ya wuce. Aka yi kwana uku ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika ta yi ambaliya, ƙasa ta sha ruwa har ta ƙoshi. Bayan 'yan kwanaki, da dare, uwargidan akawu ta tashe shi ta ce, “Malam, tashi ka ga yarinyar nan.” Ya tarar da 'yarsa mai shekara 6 tana zawo fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa, idanunta sun faɗa. Ya goya ta a babur zuwa asibiti, aka sa mata ƙarin ruwa, bayan kwana uku ta tashi zaune ta nemi koko. A wannan dare kuwa ɗan maƙwabcinsa mai shekara 4 shi ma ya kamu, iyayen suka ce a jira gari ya waye. Kafin a kira assalatu rai ya yi halinsa.

Akawu ya zauna zaman makoki kwana uku tare da maƙwabcinsa. Mutumin bai zargi kowa ba, abin da ya ke ta faɗi shi ne Allah da Ya ba shi, Shi Ya karɓi abinSa. Amma akawu mutum ne da ya saba da lissafi, zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ran nan da sassafe ya auna daga bakin sokawensa zuwa bakin rijiyar, ya ga bai fi taki 7 ba. Ya zura guga ya ɗebo ruwan, ya duba, ya shinshina, ya ɗanɗana. Tun yana gaban malaminsa yana karanta Ishmawi da Risala aka koya masa cewa ana gane ruwan da najasa ta ɓata da abu uku, launi da ɗanɗano da ƙanshi. Ga ruwa garau, ba wari, ba ɗaci. Ba mai iya rantsewa cewa daga raminsa cutar ta fito, gama a makon nan kwata ma ta malala ko ina. Ba kuma mai iya rantsewa cewa ba daga can ba ne. Wannan shakka ita ta hana shi barci.

Da damina ta ja baya ya shirya ya tafi Ikara wurin wani tsoho abokin mahaifinsa, wanda ya yi aikin duba-gari a ƙarƙashin En'e ta Zazzau, kafin a rushe tsarin En'e a kafa ƙananan hukumomi a 1976. Ya same shi a zaure, ya durƙusa ya gaishe shi, ya kwashe labari duka ya gaya masa. Tsoho ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Ɗana, taki nawa ka ce?” Ya ce, “Bakwai, Baba.” Tsoho ya ce, “Mu abin da aka koya mana, tsakanin masai da rijiya kada ya gaza ƙafa 100, kuma masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Ƙasarmu nan dutse ne a ƙarƙashi, da damina ruwan rijiya ya kan taso kusa, har yaro ya ɗiba da gajeren igiya. To, a lokacin nan ramin masai da rijiya kamar ƙwarya biyu ne a cikin kwatarniya ɗaya. Abin da malaminka ya koya maka gaskiya ne, hukuncin tsarki ke nan. Amma ƙwayar cutar nan ba ta da launi ba ta da wari, sai da madubin likita a ke ganin ta.”

Ya ba shi labarin da aka ba su tun suna koyon aiki. A birnin Landan, a shekarar 1854, kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a unguwa guda. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana rubuta inda aka mutu, ya ga mafi yawansu daga famfo ɗaya su ke sha, ya sa aka cire hannun famfon. Daga baya aka tona aka tarar da ramin masai ƙafa kaɗan daga rijiyar, yana yoyo a cikinta. Bayan shekara huɗu, a 1858, warin kogin Tems ya dami 'yan majalisar Ingila da kansu, sai suka ba da kuɗi aka gina wa birnin manyan magudanai na ƙarƙashin ƙasa. Tsoho ya ce, “Ka ga ba kai ka fara ba. Cutar ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, na ga ɓarnar da ta yi a 1971 da idona. Mun yi ta shiga gidaje da ludayi muna duba randa, wanda muka kama da ƙazanta a kai shi gaban alƙali a ci shi tara, mata na jin muryarmu su hau shara. Amma laifinmu ɗaya. Mun duba cikin gida, ba mu taɓa bin ruwa mun ga inda ya ke zuwa ba. Ruwan da ya fita daga rariyarka bai ɓace ba, gidan wani ya tafi.”

Akawu ya ce, “To, Baba, ina dabara? Mu ba Landan ba ne, ba kuma Abuja ba, inda aka buɗe babbar ma'aikatar gyaran ruwa a Wupa a 2007. Irin wannan sai injuna da wutar lantarki dare da rana. Mu da burtsatse ma ke gagarar mu?”

Tsoho ya yi murmushi, ya ɗauki sandarsa ya zana ɗakuna uku a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ƙaramin gari ba ya bukatar inji, abin da ya ke bukata fili ne da rana, su kuwa Allah Ya hore mana. Ya ce Jami'ar Ahmadu Bello tana da irin tafkunan nan a Samaru, inda ƙazamin ruwan makarantar ke taruwa, birane kamar Nairobi da Wagadugu ma da su su ke aiki. Ga yadda ya bayyana abin. Ana neman wuri a bayan gari ta gangare, nesa da gidaje da rijiyoyi, inda ruwa zai kai kansa ba sai an tura shi ba. A bakin shiga a kafa raga ta ƙarfe mai tare leda da tsumma. Tafki na farko mai zurfi ne, kamar ƙafa 10. Nan ruwa zai kwana biyu zuwa biyar, dauɗa mai nauyi ta kwanta a ƙasa, waɗansu ƙwayoyin halitta da ba su bukatar iska su yi ta cin ta. Daga nan ruwan sama-sama ya tsiyaye zuwa na biyu, wanda ya fi faɗi amma zurfinsa bai wuce ƙafa 5 ba. A nan ne ruwa ke yin kore. Koren nan gansakuka ce ƙanana, in rana ta buge ta sai ta fitar da iskar da mai rai ke shaƙa, waɗansu ƙwayoyin kuma su yi amfani da iskar su cinye sauran dauɗa, abin da suka fitar ya zama abincin gansakuka. Na uku ya fi duka rashin zurfi, ƙafa 3 ko 4, don rana ta ratsa shi. A nan yawancin ƙwayoyin cuta ke mutuwa, ƙwan tsutsar ciki kuwa tun a baya ya nutse. Daga shiga zuwa fita kamar mako uku ne zuwa huɗu.

Akawu ya dubi zanen ya ce, “Ashe kududdufinmu ne.” Tsoho ya ce, “Shi ne, ba kuma shi ba ne. Kududdufi ya daɗe yana yi wa gari rabin aikin nan ba wanda ya gode masa. Amma shi rami ɗaya ne, sabon ruwa da tsoho duk a gauraye, yana tsakiyar gidaje, ƙasansa ba a daɓe ba, kuma ba shi da mai shi. Waɗannan kuwa a jere su ke, an daɓe ƙasansu da yumɓu don kada su yoyo, an kewaye su da shinge saboda yara da dabbobi, akwai kuma mai nome ciyawar bakinsu, gama a cikin ciyawa sauro ke ƙwai. Ran da aka daina biyan leburan nan, ran nan tafki ya koma kududdufi.”

Akawu ya komo gida ya ɗauki alƙalami. Ya ce a ƙaddara gari mai mutum 20,000, kowane mutum yana zubar da garwa 2 a yini, wanka da wanki da wanke-wanke. Garwa 40,000 ke nan kullum. In za a tsare wannan ruwa kwana 25, sai a sami wurin da zai ɗauki garwa 1,000,000. Ya buga ya raba bisa zurfin da tsoho ya faɗa, ya ƙara wurin ganuwa da hanya, da wurin shanya abin da masu yasar masai su ke kwasowa, wanda yanzu a ke zubarwa inda aka ga dama, ya ga eka 5 ko 6 sun isa. Ya ajiye alƙalami yana mamaki, gama ya san manoma da yawa da gonarsu ta rake ta fi haka.

Ya kai maganar wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai shi gaban dagaci, aka tara dattawa. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, “Ranka ya daɗe, magana ce a kan ruwan kwata.” Waɗansu suka yi dariya. Wani ya ce wari fa? Ya amsa cewa tafki na farko ya kan yi wari in an cika masa kaya, shi ya sa a ke nisanta shi da gari, kuma warin nan ai yanzu a ƙofar kowa ya ke. Wani ya ce ruwan damina fa, in ya zo da ƙarfinsa? Ya ce lalle sai an yi masa hanyarsa dabam ya wuce rafi, in ba haka ba ya share tafkunan. Wani dattijo ya ce, “Wa zai ci abin da aka shayar da ruwan kwata?” Akawu ya ce, “Allah Ya ba ka nasara, wanda ya taɓa cin ganye a Kano ya yiwu ya ci na bakin Jakara, inda masu lambu su ke ban ruwa da ruwan birni ba tare da an gyara shi ba. Wannan kuwa gyararre ne. Ba na sha ba ne, ba na alwala ba ne, amma rake da masarar rani da itatuwa za su sha su gode, don akwai taki a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idodin yin haka tun 1989. A Kalkata ta ƙasar Indiya har kifi a ke kiwo a irin ruwan nan, a kai kasuwa.” Aka zo kan tambayar da ta fi duka wuya, watau gonar wa za a ɗauka, wa kuma zai biya diyya. Nan zaure ya yi tsit.

Akawu ya san amsar a takarda. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa kwasar shara da kawar da ƙazamin ruwa cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ikara na da majalisarta, Makarfi na da tata, ta Kudan tana Hunkuyi. Ba a kuma rasa masu sani ba, tun da ya ke a Makarfi aka kafa makarantar koyon aikin lafiya da aka sa wa sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris. Ya kuma san abu ya kan yiwu in an dage. Kurkunu, wanda a 1988 aka ƙidaya fiye da mutum 650,000 masu fama da shi a Nijeriya, an kai ga shaida ƙasar ta rabu da shi a 2013, da tace ruwa da tsare tafkunan sha. Amma ya san halin ofis, don a ciki ya ke. Rijiyar burtsatse ana yanka mata ƙyalle a yi tafi. Tafkin ruwan kwata ba mai son a rubuta sunansa a jikinsa. Duk da haka ya rubuta takarda da hannunsa, dattawa 12 suka sa hannu, ba su roƙi a fara gini ba, abin da suka roƙa kawai a keɓe fili ta gangaren gari tun ba a yanka shi fuloti ba, gama tun ran gini tun ran zane.

Abin da ke hannunsa kuwa bai jira kowa ba. Ya sa aka yashe sokawen nan aka cike shi da ƙasa, ya rushe rumbu ya haƙa wani a ƙarshen gida, iyakar nisan da fili ya ba shi. Ya sayi siminti ya je wurin maƙwabcinsa ya ce, “Malam, ina so ka yardar mini in ɗaga bakin rijiyar nan, in yi mata daɓe da murfi.” Maƙwabci ya ce, “Me ya kawo wannan?” Akawu ya daɗe bai amsa ba, sa'an nan ya gaya masa zancen taki 7, bai rage kome ba. Mutumin ya sunkuyar da kai, can ya ce, “Kwanansa ne ya ƙare. Amma a yi aikin, akwai ƙannensa.” Su biyu suka kwaɓa simintin. Tun daga ran nan gidajen biyu guga ɗaya su ke zurawa, suna rataye shi a maƙale, da damina kuma ba mai shan ruwan sai an tafasa.

Takardar dattawa tana ofis, an karɓa an buga mata hatimi. Filin da akawu ya hanga ta gangaren gari har yanzu rake ne a cikinsa, amma kowace shekara turakun masu awon fuloti suna ƙara matsowa. 'Yarsa ta girma ta shiga makaranta, hanyarta ta bi ta bakin abin da ya rage na kududdufi, kullum sai ta tattare zane ta tsallake kwata. Shi kuwa in ya fito alwalar asuba ya ga ruwa na bin rariya yana fita, ya kan tsaya ya bi shi da ido har ya ɓace a bayan katanga. Allah Ya ba shugabanni ikon duba wannan al'amari tun da sauran fili, Ya kiyashe mu da cutar da maƙwabci, da saninmu ko ba da saninmu ba, amin.